Faifan Inna da Koren Injin Magaji

Da Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a zaure, kun ɗauka barci nake, sai na ji ke Hafsatu kina gaya wa ɗan'uwanki Bishir wai ubansa karyewa ya yi, shi ya sa ya kwashe komatsansa daga Batsari ya koma ƙarƙashin ubanki a Safana. Shi kuma sakaran, maimakon ya tsaya wa ubansa, sai ya sunkuyar da kai yana tsinka mini zaren tabarma. Ban tanka ba a lokacin, don na san halina, in na fara magana tuwon Sallah sai ya huce ban gama ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ba laifinki ba ne, amaryata, haka ake faɗa a Batsari, haka ake faɗa a Safana, kuma masu faɗar babu wanda yake wurin. Ni ina wurin. A cinyata injin ya yi tafiyar nan tun daga tasha, don haka ga shi na rubuta muku, ku zauna ku ji yadda aka yi, ku da sauran jikokina da waɗanda za a haifa bayana.

Kun san ni mai gyaran rediyo ne. A Ruma aka haife ni, a can na auri kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, a can muka haifi ubanninku biyu, Magaji da Sada. Da ɓarayin daji suka matsa wa ƙasarmu, suka kore 'yan shanunmu, gona kuma ta zama wurin da ake zuwa ana waige, sai muka tattara muka dawo Batsari. Ni na ɗauko akwatin sukundirebobina, ita ta ɗauko basillarta da daurin kabar da ta rina, don ita saƙar faifai ce sana'arta, irin faifan nan na rufe ƙwarya da kwano. Na kama 'yar rumfa kusa da kasuwa ina gyara, amma rediyo ya riga ya fara tsufa tare da ni. Kowa ya koma waya. Samari biyu kuwa ga ƙarfi ga rashin gona, abin tsoro ne a irin wannan zamani. Su da kansu suka yi shawara, suka mai da rumfar tawa gidan gem, inda yara ke biya su yi wasa a talabijin: benci, talabijin, sola a kan rufin kwano, da tsohon injin wasa na hannu da suka samo a Katsina. Ni aka turo ni waje da tebur ina gyaran tocila da caja, kuma wallahi ban ji haushi ba, don ina jin dariyarsu ta bayan labule.

A nan na koyi wani abu da ya ɗaure mini kai. Manyan kamfanonin da ke ƙera injinan wasan nan biyu yaranmu suka sani, kuma da launin kwalin faifansu suke kiransu, a ce kore, a ce shuɗi. Faifan kore ba ya hawa shuɗin inji, na shuɗi ba ya hawa kore. Haka suke cewa, wai ba ya hawa. Ni da na yi rayuwata da kaset, wanda ko a rikodar wa ka cusa shi sai ya yi waƙa, da rediyo da ke kama kowace tasha ba tare da ya tambayi wa ya ƙera shi ba, sai na ga wannan ai rowa ce tsagwaronta. Har na taɓa buɗe cikin injin a ɓoye ina neman abin da ya hana. Ban ga komai ba sai fanka da ƙura. Magaji ya ce mini, Baba, ba da ƙarfe aka kulle ba, da gangan aka yi don kowa ya riƙe mutanensa. Na mai da murfin ina tsaki.

Tsohon injin nasu shuɗi ne, kuma Sada shi ne mai tara faifansa. Duk wanda ya ji zai je Katsina sai ya yi masa saƙo, har ya cika wata jakar bacco yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Da injin ya gaji, ƙarfinsu kuma na sabo ɗaya ne, sai Magaji ya tafi Katsina sayowa. A can ya ga wani wasan tseren mota da babu shi a ko'ina sai a kore, ya tsaya ya ga yadda matasa ke turereniya a kansa, sai ya sayo kore bai shawarci kowa ba. Ta fuskar sana'a ya yi daidai, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ranar da ya kunna shi rumfa cike take, Sada ya shigo da jakarsa, ya ciro faifai ya sa, inji ya tofo shi. Ya sa wani, ya tofo shi. Ya dubi wansa a gaban jama'a.

"Yaya, to waɗannan fa? Ya zan yi da su?"

"Ba su hawa," in ji Magaji, idonsa na kan talabijin. "Nan yanzu gidan kore ne. Abin da bai hau ba sai ya nemi inda zai hau."

Yara suka kwashe da dariya. Na tabbata har ga Allah faifan yake nufi, amma Sada bai ji faifai ba, kansa ya ji. Ya ɗaure bakin jakarsa, ya wuce ni a waje bai ko dube ni ba. Kafin sati ya zagayo ya ɗauki matarsa da ke, Hafsatu, kina goye, ya koma Safana wurin kawunsa. A can ya lallaɓa ya sami shuɗin inji ya buɗe nasa gidan gem. Daga ranar nan 'ya'yana biyu suka daina magana. In an yi rasuwa ko suna a dangi, wannan ya zo da safe, wancan ya zo da yamma. Na kira su, na yi faɗa, na yi lallashi, kowa ya durƙusa ya ce to Baba, ya tashi ya ci gaba da abinsa. Ban taɓa jin na gaza ba irin na wannan lokacin, ni da ake kawo wa abin da ya mutu in tashe shi.

Rumfar Magaji kuwa ta kama wuta. Wasan motar nan ya ja yara kamar ana rabon alewa. Ranar kasuwa sai ka ga babura jere, har daga Safana samari ke hawowa bibbiyu don su taɓa shi, a kan hanyar da manya ma ba sa bi sai da addu'a. Magaji yana jin daɗin faɗar wannan. Yakan ce, har daga Safana ake zuwa. Bai taɓa ƙarasawa ba, amma kowa ya san rumfar wa suke barowa a Safanar.

Yanzu sai ku fahimci matsayin kakarku. Magaji ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, don haka kunya biyu ta hau kanta. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta dube shi ido da ido ta yi masa magana mai tsawo ba. In za ta ambace shi sai ta ce mai shago. In tana son ya ji wani abu, ni take gaya wa, ko ta gaya wa kaji, shi yana zaune a gefe. Sada kuwa ɗan lelenta ne, da shi take hira har ta ja masa kunne. To ga wanda take iya yi wa faɗa ya tafi, ga wanda ya yi maganar ba ta iya buɗe masa baki. Abin da ta iya shi ta yi. Akwai wani direban akori-kura, Ɗan'asabe, da ke jigilar hatsi tsakanin kasuwannin biyu. Duk sa'ad da ta ji zai tafi, sai ta yi dambun zogale irin wanda Sada ke so, ta zuba a kwano, ta rufe da sabon faifai, ta ɗaure a ba shi. Washegari kwano ya dawo a wanke tas. Faifai kuwa ba ya dawowa.

Ku yaran yanzu da kuke rufe abinci da leda ba za ku gane ba. A wurinmu kwano da faifai tare suke tafiya, tare suke dawowa. Wanda ya riƙe faifai, ko dai mantuwa ce, ko kuwa yana gaya maka bai huce ba. Mantuwa kuma ba ta maimaita kanta shekara da shekaru. Matan maƙwabta suka yi ta ce mata ta riƙa rufewa da murfin roba, ta daina asarar aikin idonta, don a lokacin idon ya fara yi mata hazo.

"Kaba ta ƙare a duniya?" Iyakar amsarta ke nan. Ta ci gaba da saƙa, ta ci gaba da aikawa.

Ana nan, a shekarar da nake son ba ku labari, wata rana da hantsi ina tebur ina fama da wata tocila sai na ji rumfa ta kaure da hayaniya. Na ɗaga labule. Wani saurayi ne riƙe da waya, sauran sun yi masa rumfa a kai. Wai labari ya bazu cewa kamfanin kore yana shawarar sakin wasanninsa su riƙa hawa injin abokin hamayyarsa. Ba a tabbatar ba, ba a kuma ƙaryata ba.

"Har na motar?" Magaji ya tambaya.

"Ba su faɗi ba, Yaya. Wasu na cewa duka, wasu na cewa kaɗan."

Ku zo ku ga tashin hankali. Yaran Batsari suka yi ta kumfar baki, wai an ci amanarsu, wai kamfani ya sai da su, su da suka tsaya masa ana yi musu dariya. Wani har yana rantsuwa ba zai sake taɓa kore ba, alhali hannun wasan, abin sarrafa koren, na riƙe a hannunsa. Samarin Safana da ke wurin kuwa sai tafi suke, suna cewa sun huta da hanya. Ni kuma bakina da ba ya shawara da ni sai ya buɗe.

"Wallahi in gaskiya ne, mutanen nan sun burge ni."

Saura kaɗan su cinye ni ɗanye. Amma har yau ban janye ba. Na yi sana'ar hannu, na san abin da nake faɗa. Mai gyaran da ke ɓoye yadda ya yi gyara, bai yarda da hannunsa ba ne. Ka ɗauki abin da aka san ka da shi, abin da ke jawo maka mutane, ka kai shi gidan wanda kuke takara, ka ce a gwada shi a can ma, wannan sai wanda ya tabbata aikinsa zai tsaya da ƙafarsa ko'ina aka ajiye shi. Na san ba don Allah za su yi ba, 'yan kasuwa ne, sun yi lissafinsu. Duk da haka akwai ƙarfin hali a ciki, kuma ni ina girmama ƙarfin hali ko a wurin wa na gan shi. Magaji kuwa lissafinsa daban ne. Ya san in motar ta hau shuɗi, babu mai sake hawo babur daga Safana, kuma abin da ya fi ƙanensa da shi ya ƙare.

Bayan la'asar ya shigo gida, aka ajiye masa abinci bai buɗe ba. Inna na bakin ɗakinta da basilla, ta kawo faifan kusa da hancinta saboda idon. Ta ɗan jima tana satar kallon kwanon, sannan ta juyo gare ni.

"Malam, mi ya sami mai shago?"

Na zayyana mata, kore da shuɗi, da faifan da ba ya hawa, da labarin da aka ji. Ta saurara har na gama, ba ta daina soka basilla ba.

"Ni tun farko ban yarda da sunan da kunka ba abin ga ba," ta ce. "Wai faifai. Wane irin faifai ne ba ya rufe ƙwaryar maƙwabci? Ni dai tunda uwata ta koya mani, ban taɓa saƙa wanda zai ce shi sai kwanon gidanmu ba. To yanzu sunka hankalta, za su mai da shi faifai na gaskiya, shi ne kuke kuka?"

Magaji ya yi magana, kansa a ƙasa, kamar da tabarma yake.

"Inna, in kowa ya samu, wa zai zo wurina?"

Ba ta dube shi ba. Ta watsa wa kaji 'yar tsaba, ta ce da ni:

"Gaya mashi, faifaina na cikin gidajen da ban taɓa takawa ba. In anka ga zanen, ba a tambayar ƙwaryar wa ya rufe, cewa ake wa ya saƙa wanga." Sannan ta ce, "Malam, su masu koren nan, nono ɗaya sunka sha da masu shuɗin?"

"Ina fa. Ko ƙasarsu ba ɗaya ba."

"To."

Ta sa haƙori ta datse kabar. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma a iya zamana da ita ban taɓa jin ta matso kusa da yi wa ɗan farinta faɗa kamar ranar ba. Na dubi Magaji na ga maganar ta shige shi. Ya jawo kwanon ya ci loma kaɗan, ya tashi ya fita.

Kwanaki kaɗan bayan haka na iso rumfa da safe na tarar yana naɗe wayoyi. Ya cire koren injin, ya goge shi, ya jera faifansa a kwali. Na tambaye shi ko lalacewa ya yi. Ya ce lafiyarsa lau, Safana zai kai shi. Na ɗauka aro zai ba ƙanensa na 'yan kwanaki, sai ya ce a'a, da shi da injin za su tafi, in Sada ya karɓe su. Rumfar nan a lokacin ba ta taɓa cika irin haka ba, don jita-jitar ma ƙara jawo yara ta yi. Na ba shi shawarar da kowane uba zai bayar.

"Ka dakata mana. Labarin nan ko tabbata bai yi ba. In sun saki motar, sai ka san abin yi. In ba su saki ba, ka ga ba ka yi asarar komai ba."

"Baba, shi ya sa ba zan dakata ba," ya ce. "In na jira har sunka saki, Sada zai ce dole ce ta kawo ni, kuma gaskiyarshi. Gara in tafi yanzu, tun ina da abin da ba shi da shi."

Bishir, ka karanta wannan wurin sau biyu. Na haifi yaron nan, na yi masa kaciya, na koya masa riƙon fartanya, amma sai ranar na san wanda na haifa. Sai na ce to ni zan riƙe injin, don ban yarda da ramukan hanyar nan ba.

Da muka biya gida, Inna ta riga ta ji. Ba ta tambayi komai ba. Ta fito da kwanon dambu rufe da sabon faifai kamar kullum, sai dai wannan karon ba ta ce a ba Ɗan'asabe ba.

"Malam, ba mai shago ya riƙe."

Muka shiga gaban akori-kura, ni da inji naɗe cikin zanenta, shi da kwano. Hanyar kun san ta. Gonaki ga su nan an bar su sun zama saura, kowa a motar idonsa na bakin daji, direba ba ya ko kunna rediyo. Ina tafe ina tunanin yaran mutane da ke bin wannan hanya saboda wasan mota, na kuma lura Magaji ma abin da ke ransa ke nan. Allah ya kai mu lafiya.

Rumfar Sada ƙarama ce, a bayan masu sai da gyaɗa. Mun tarar da mutum biyu suna buga ƙwallo a shuɗin inji, sauran bencin babu kowa. Sada ya taso da sauri ya durƙusa, ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi Inna da idonta, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, duk don kada ya kai ga wanda ke tsaye a bayana. Da gaisuwa ta ƙare masa, Magaji ya ajiye kwanon a benci, ya karɓi injin daga hannuna, ya kwance zanen.

"Na kawo. Duba ko zai hau nan."

Sada ya dubi injin, ya dubi wansa.

"Ai an ce kamfanin naku zai saki. Da ka jira, da motar ta zo mani da ƙafarta."

"Na sani. Shi ya sa ban jira ba."

Ni don in ba su wuri sai na ɗaga kai ina duban rufi, irin na mai duba wayar lantarki. A nan na gan su. Bangon da ke bayan talabijin, tun daga sama har inda hannu ke kaiwa, faya-fayan Inna ne jere, kowanne a kan ƙusarsa, ja da kore da baƙi, babu ƙura ko ɗaya a jikinsu. Sai ka ce ɗakin amarya. Magaji ya bi idona ya gani.

"Na Inna ne?"

"Ba a ba direba irin wannan," in ji Sada. "Cewa na yi ranar da zan koma gida in kai mata da hannuna. Sai suka yi ta yawa, kunyar zuwan ma ta yi ta yawa."

Na ga abin zai fi ƙarfina, sai na zagaya bayan talabijin na kama aikina. Ramuka biyu na samu a bayansa, ɗaya na shuɗin inji, ɗaya babu kowa. Na soka wayar kore a ciki, ta zauna daram. Mota ta fito a fuskar talabijin tana ruri. Magaji ya miƙa wa ƙanensa hannun wasa, ya ɗauki ɗayan, suka zauna a benci ɗaya. Ko kwana ta farko Sada bai sha ba ya rungumi katanga. Magaji ya fashe da dariya, ya kai hannu ya gyara masa babban yatsa, yana cewa a hankali, ba da ƙarfi ake yi ba, daidai yadda yake gyara masa riƙon fartanya a Ruma. Na fita waje na tsaya wurin masu gyaɗa, na ce musu hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Yaran Batsari sun daɗe ba su yafe ba, wai Magaji ya sai da su ga Safana kamar yadda kamfani ya sai da shi. Rumfarmu wani mai cajin waya ya karɓe ta, teburina ya koma zaure. Allon da ke ƙofar rumfar Safana sunan Sada ke jiki, kuma Magaji ya hana a canza, ya ce shi ya tarar. Shi ya sa baƙo in ya zo yake ɗaukarsa yaron shago, shi da ake layi a ƙofarsa. Uwarka, Bishir, ta yi kuka da barin danginta, kuma ba ta yi laifi ba. Daga nan maganar karyewa ta samo asali, don mutane ba su saba ganin wanda ke sama ya sauko da ƙafarsa ba, sai suka nema masa dalilin da suka sani. Abin da kamfanin ya yi daga baya, me ya saki, me ya riƙe, ku kun fi ni sani. Ni dai na san ɗana ya riga shi.

Amma wadda ta fi kowa biya ita ce Inna. Ranar Juma'ar farko suka zo tare a babur ɗaya, Magaji na tuƙi, Sada a baya rungume da tulin faya-fayai ɗaure da igiya. Ya sauke mata a gabanta ya durƙusa. Ta ja masa kunne, ta ce ɓarawon faifai, ta yi ta juya su ɗaya-ɗaya tana shafa zanen da yatsa don idon ba ya gani sosai. Magaji ba ta ce masa komai ba. Sai dai na ga ta tura ƙoƙon furarta, wanda take sha da kanta, a hankali har ya taɓa gwiwarsa, fuskarta na kallon wani wuri. Da yamma suka koma. Gidan ya yi tsit, babu mai shigowa da la'asar a ajiye masa kwano. Na zauna kusa da ita.

"Kin san da kika yi maganar nan, shi ma tafiya zai yi? Da kina da ɗaya a gabanki, yanzu ba ko ɗaya."

"Na sani tun ran nan," ta ce. "Gara su yi mani nisa tare."

Daga nan ta daina aikawa da ƙaramin kwano. Ta sa aka sauko mata da babban akushin da muka taho da shi daga Ruma, ta cika shi, ta rufe da faifai ɗaya. Ɗan'asabe ya tambaye ta na wanne ne a cikinsu, ta ce ya ajiye a tsakiya, su san yadda za su yi. Washegari akushi ya dawo da faifansa a kai. Da ta buɗe, sai ga tsofaffin faya-fayan wasa guda biyu a ciki, waɗanda suka karce suka daina aiki, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Wai in ji su, faifai ne tukuicin faifai. Ta yi dariya har da tari. Ta zura su a zare ɗaya ta rataye a kan 'yar kuɓewarta ta bayan ɗaki, ta ce ko ba komai sa kori tsuntsaye.

Damina biyu ta ƙara gani. Ranar da aka ɗauke ta, ubanninku ne a gaban makara, kafaɗa da kafaɗa. Faya-fayan nan kuwa suna nan inda ta rataye su, rana ta cinye launin har ba ka iya gane wanne ne na wa. Ni nake shuka kuɓewar yanzu, ba don na iya ba. Hafsatu, in kun zo hutu ki kama hannun Bishir ku zagaya bayan ɗaki ku gani, amma kada wanda ya taɓa mini zaren. Kai kuma Bishir, duk ranar da wani ya sake ce maka ubanka karyewa ya yi, ka bar mini tabarmata ta huta, ka ɗaga kai ka gaya masa rumfarsa cike take ranar da ya rufe ta.